Sau Bakwai Aka Danna

Ni ba mai saurin ƙyama ba ce. Wadda ta ƙare rayuwarta tana karɓar haihuwa ba ta da wannan gatan. Na sa hannu cikin jini, na wanke kashin farko na jariri, baƙi ƙirin mai danƙo, na binne mabiyiya a bayan ɗakuna tun daga Dirin Daji har cikin garin Zuru, a gidan masu zuwa coci da gidan masu zuwa masallaci, in fito in wanke hannu in ci tuwona da daɗi. Abu ɗaya ne ya taɓa tayar mini da zuciya har na kasa haɗiyar abinci, kuma ba shi da jini, ba shi da wari. Wani farin allo ne a shagon intanet na bakin tasha.

Gwaggona ce ta koya mini aikin, ƙanwar mahaifina. Kafin ta bar ni in taɓa reza, kafin ta nuna mini inda ake ɗaure cibi, sai da na yi damina biyu aikina ɗaya, tsayuwa a bakin ƙofa. Ita tana ciki da mai naƙuda, ni ina tsakanin ciki da waje. Ta ce faya ta fashe, in ɗaga labule in gaya wa na tsakar gida faya ta fashe. Ta ce kai ya sauko, in gaya musu kai ya sauko. In an daɗe babu wani sabon abu, sai ta ɗago ta harare ni, in leƙa in ce musu ana nan ana yi, uwa da ƙarfinta, ta sha ruwa.

Na taɓa tambayarta amfanin faɗin abin da ba labari ba ne. Sai ta ba ni labarin wata haihuwa a Wasagu. Ungozomar gwana ce, amma ba ta magana. Ta shiga ɗaki da hantsi ta saki labule. Azahar ta yi, shiru. Uwar miji ta ga shirun ya yi yawa, ta ce ko an kasa ne, ta tura wata tsohuwa da jiƙo. Ita ma ta shiga, shiru. Dangin matar suka ce ba za su zauna suna kallo ba, suka tura tasu mai danna ciki. Kowacce ta shiga sai ta faro nata aikin daga farko kamar ba a yi komai ba. Haihuwar da ke tafiya lafiya lau, hannuwa suka yi mata yawa, yaron bai zo da rai ba. Gwaggona ta ce duk cikinsu babu mai mugun nufi, da a ce an leƙo sau ɗaya an ce ana nan ana yi, da kowa ya zauna inda yake.

Da wannan na riƙe aikina har gashina ya yi fari.

Mu gidan soja ne, kamar rabin gidajen garin nan. Mijina ya tafi yaƙi bai dawo ba. 'Ya'yana maza uku, duk kaki suka sa. Na tsakiyar an kai shi wata ƙasa raba faɗan da ba namu ba, akwatinsa na ƙarfe aka kawo mini, da bargo da takalma ƙafa biyu. Babban ya yi ritaya yana saja, ya dawo gida yana noman dawa. Ɗiyarsa ta fari ita ce tawa. Tun kafin ta yi ƙirgen dangi take bina gidajen haihuwa, ita ce ta gaji tsayuwar bakin ƙofa, kuma ta fi ni murya. Hannunta siriri ne, mai sanyi, ba ya rawa. Na san wannan hannun ba na bindiga ba ne.

Amma zamani ya juya. Asibiti ba sa son hannun da ba shi da takarda, ko da shi ya karɓi haihuwar rabin ma'aikatan asibitin. Jikata ta gama sakandare da sakamako mai kyau, na ce sai makarantar ungozomomi, ta je ta samo takardar, ta haɗa da abin da na ba ta. Ubanta ya ce yanzu ana ɗaukar mata soja, kuma yarinya mai tsawo irin tata ba ta shan wahalar shiga. Muka ja, muka ja. Ƙarshe ya durƙusa a bakin ƙofata, don yana da ladabi, ya ce:

"Inna, shekara ɗaya na ba ku. In makarantar ta ɗauke ta bana, na cire hannuna. In ba ta ɗauke ta ba, ba za ta zauna mini a gida tana wanke zannuwan jini ba."

Na ce na ji.

A shekarar nan aka ce an daina sayar da fom na takarda, sai ta kwamfuta. Shagon da ake yi na wani tsohon kofur ne, abokin aikin ɗana, wanda a soja shi ne mai goyon rediyo a baya yana kiran hedkwata. Da ya bar aiki sai ya jera kwamfutoci shida a ɗaki ɗaya, ya kafa wani farin faranti a kan rufi yana kallon sama, ya ajiye janareta a bayan taga. Na ce zan bi ta in gani da idona. Jikata ta yi dariya, ta ce tsohuwa za ki je ki karɓi haihuwar kwamfuta ne. Na ce in ta kama.

Muka isa da hantsi. Ɗakin ya ishe ni tun daga ƙofa: hayaƙin janareta, zufar maza, safa da aka cire a ƙarƙashin tebur, fanka tana juya duka tana raba wa kowa. Maɓallan da ake dannawa sun yi baƙi da dauɗar yatsun gari, har da busasshen manja a tsakaninsu. Na ce wa Kofur ko akuya ba zan yarda ta haihu a ɗakin nan ba. Ya yi dariya ya kawo mini kujerar roba, ya ce Mama ki zauna, yanzu za a gama.

Jikata ta rubuta sunanta, da garinmu, da lambar jarrabawarta. Kofur ya sa hotonta a wata na'ura mai murfi, haske ya bi ta kansa, sai ga fuskarta a allo. Suka duba komai sau biyu. Ta ce mini yanzu za ta tura, na yi bismillah, ta danna.

Rubutu ya ɓace, hoton ya ɓace. Allon ya zama fari fat, kamar sabon likkafani. Can a kusurwar sama wani ɗan abu yana jujjuyawa, shi ke nan.

Muka jira. Na tambaye ta me ya ce, ta ce bai ce komai ba. Muka jira gwargwadon dahuwar dankali. Na ce ya ce ya karɓa? Ta ce a'a. Na ce ya ce bai karɓa ba? Ta ce a'a, Kaka, fari ne kawai.

Kofur ya zo ya tsaya a kanmu ya riƙe ƙugu. Ya ce bai tafi ba. Ya ce shi ya yi shekaru yana aikin sadarwa, kuma doka ɗaya ce tun daga daji har bariki, in ka kira ba a amsa ba, ka sake kira, ka yi ta kira har a amsa. Ya miƙa hannu ya mayar da shafin baya, fom ya dawo da fuskar jikata, ya danna. Fari. Ya jira kaɗan, ya koma baya, ya danna. Fari.

A nan ne wurin da nake jin kunyar faɗa. Jikata ta ce ko a bar shi tukuna, wataƙila yana yi. Ni, ni da aka raina da labarin Wasagu, ni da na yi rayuwata ina hana mutane faɗawa ɗaki, na dubi farin nan. Washegari ake rufe karɓar fom. Na tuna akwatin ƙarfe da bargo. Na ce:

"Kofur, sake dannawa."

Ya danna na huɗu da bakina, da na biyar, da na shida. Da ya danna na bakwai sai aka kira sallar azahar, ya tafi masallaci, ni ma na roƙi buta na fita bayan shago. Babu wanda ya taɓa komai. Da muka dawo sai ga allo cike da rubutu, ga hoton, ga lamba. Kofur ya daki ƙirji ya ce kun gani, sai da aka nace. Ya buga mana takardar da zafinta. A hanya jikata tana tsokanata, tana cewa ashe haihuwar kwamfutar ma sai da ungozoma ta fita ake yin ta. Na saya mata rake.

Ana nan, ana nan, dawa ta fara fitar da kai. Aka ce sunayen waɗanda za su zauna jarrabawar shiga sun fito. Ta tafi shagon ita kaɗai, ta daɗe, sai ga ta da Kofur a bayanta ya riƙe hularsa a hannu. Sunanta ba ya cikin waɗanda aka kira. Yana cikin wata takarda dabam, ta waɗanda suka yi rajista fiye da sau ɗaya, waɗanda aka soke saboda neman yin maguɗi. Kofur ya bugo takardar. Ban iya karatu ba, amma na iya fuskar jikata. Ga ta nan sau bakwai a jere, daga sama zuwa ƙasa, kowacce da lambarta, dukansu da ɗankwali ɗaya, duk suna kallona.

Ubanta ya maimaita kalmar maguɗi sau ɗaya a hankali, ya ɗauki fartanya ya fita.

Na ce sai na je. Makarantar tana wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a ƙaramar bas, gwiwa a haɓa. Muka kwana gidan wata da na taɓa karɓa wa haihuwa, da safe muka shiga ofis. Matar da ke kula da sunaye ta saurare mu da mutunci, ta ce dokar ba ita ta yi ba, kuma ba mu kaɗai ba ne, mutanen garuruwan nesa da yawa abin ya same su. Ta ce mun yi sa'a, mutumin da aka ba kwangilar haɗa shafin yana nan yau, mu je mu ji daga bakinsa.

Ɗakinsa sanyi kamar randa. Mutum ne da ya kai arba'in, da ƙiba, da agogo mai walƙiya, yana cin soyayyar gyaɗa daga kwalba, yana karkaɗe ɓawon a kan maɓallai. Bai tashi ba. Ya karɓi takardar, ya ga fuskoki bakwai, ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce Mama, ai duk bakwai ɗin sun iso lafiya, tun na farko ya iso.

Sai ya shiga bayani, jikata tana fassara mini inda ya yi Turanci. Ya ce in an danna, saƙon yana zuwa wata babbar na'ura da ke can wani wuri. Aikinta da yawa: ta ajiye suna, ta rage girman hoto, ta aika wa na'urar masu jarrabawa tambaya ko sakamakon na gaskiya ne, ta zauna jiran amsa, wani lokaci jiran ya yi tsawo, sannan ta ba da lamba. Ya ce duk matakin da ta gama tana rubuta cewa ta gama, amma ba ta aiko rubutun nan take, tara shi take kamar a kwano, sai aiki ya ƙare duka ta juye wa mai jira a lokaci ɗaya. Shi ya sa allon ke zama fari. In mai jira ya gaji ya koma baya ya sake dannawa, ita ba ta daina na farkon ba, tana can tana yi, sai kuma ta faro wani sabo a gefensa.

Labarin ɗakin Wasagu ne yake ba ni, yana tauna gyaɗa.

Jikata ta tambaye shi, da muryarta ta bakin ƙofa, ko ba a iya sa ta ta riƙa aiko maganar tun tana cikin aikin. Ya ce me zai hana. Ya ji daɗin tambayar ma, ya jawo kujera, ya lashe gishirin yatsunsa, ya buɗe wani baƙin shafi mai ƙananan rubutu. Ya ce akwai umarnin da ake ba ta, duk ta gama mataki ɗaya ta juye abin da ke kwanon, kada ta jira ya cika. Ya ce sai dai wasu kwamfutocin masu karɓa ba sa nuna ɗan abu kaɗan, don haka ana fara tura musu tarin fili wanda ba rubutu, su ɗauka abin da yawa su fara nunawa. Ya rubuta wani abu a nan, ya rubuta a can. Ya juyo mana da allon ya danna. Layi ya fito. Jim kaɗan wani ya fito a ƙarƙashinsa. Jim kaɗan wani.

Na duba kwalbar gyaɗar. Ko rabin abin da ke ciki bai ci ba tun da ya fara gyaran.

Na tambaye shi me ya hana shi yin haka tun farko. Ya ce a ofishinsa na birni layin intanet ɗin da gudu yake, yana dannawa take fitowa, shi bai taɓa ganin farin allon ba. Ya ce kuma babu wanda ya ce masa yana so. Sannan ya ƙara da cewa mutanenmu ne ba su da haƙuri, mutum ya danna abu sau ɗaya ya jira mana.

Na ce, "Ɗan nan, uwarka tana da rai?"

Ya ce tana nan.

Na ce, "Ka tambaye ta ranar da ta haife ka, ko an bar ubanka a tsakar gida tun safe ba wanda ya leƙo ya ce masa uffan. In an bar shi, ka tambaye shi haƙurin da ya yi."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi, ya miƙo mini kwalbar. Jikata ta tambaya ko zai goge shida ya bar ɗaya. Ya ce gogewar ba wuya, amma ba hurumin sa ba ne, manya sun riga sun sa hannu a takarda, in aka mayar da mutum ɗaya sai an mayar da kowa, kuma jarrabawar jibi ce. Ya ce ta sake gwadawa baɗi, zai bar gyaran nan a ciki, ya ma gode da ta tuna masa.

Na fito. A gindin wata bishiyar mangwaro da ke bakin ofishin na durƙusa na amayar da kokon da na sha da safe. Jikata ta riƙe mini goshi da hannun nan nata mai sanyi. Ban san wanne ya fi tayar mini da zuciya ba, yatsun da ya lasa, ko godiyar da ya yi, ko muryata da nake ta ji tana cewa Kofur sake dannawa.

Ɗana bai yi mini gori ba. Ya jira aka yanke dawa, aka kai rumbu, sannan ya zo ya durƙusa a inda ya durƙusa da farko, ya ce Inna, shekara ta cika. Na ce haka ne, ni na ce na ji. Na dubi yarinyar ko za ta yi gardama. Ta ce ita ta gaji da a nuna ta a kasuwa ana cewa ga mai fuska bakwai. A wurin ɗaukar soja aka auna tsawonta, aka sa su gudu, ta wuce mata da yawa. Ranar tafiya na raka ta tasha da sassafe, an yanke mata gashi ƙasa-ƙasa, kunnuwanta sun fito kamar na ubanta. Ta leƙo ta tagar bas ta ce tsohuwa kada ki yi kuka, sojoji ma suna haihuwa. Motar ta tashi ta gaban shagon Kofur, janaretansa yana ta hayaƙi.

Da shekara ta zagayo, ɗiyar maƙwabciyata za ta cike fom ɗin makarantar. Kofur ya aiko takanas a kira ni, wai akwai abin da yake so in gani. Na ƙi, ya sake aikowa, na je. Ɗakin yana nan da warinsa. Yarinyar ta danna, Kofur ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu, yana karanto mini yana fassarawa. An karɓi suna. Muka ɗan jira. An karɓi hoto. Muka ɗan jira. An aika tambayar sakamako, a dakata, kada a sake dannawa. Sai aka daɗe. Can sai wani layi ya fito, Kofur ya karanta: har yanzu ana jiran amsa, aiki yana tafiya.

Ana nan ana yi ke nan. Abin da gwaggona ta koya mini ina yarinya mai tallar gyaɗa a Dirin Daji kafin ta ba ta reza.

Ban tsaya ganin lambar ba. Kofur ya biyo ni da kwalbar lemo mai sanyi yana cewa Mama ki yafe mini, na ce ba kai kaɗai ka danna ba, ka mayar da lemonka.

Bayan kwana uku aka kira ni wata haihuwa a bayan kasuwa, ta fari, mai tsawo, tun hantsi har la'asar. Babu kowa a bakin ƙofa. Hannuna biyu suna kan aiki, sai in juya kai in ɗaga murya in ce faya ta fashe, in ce kai ya sauko. Muryar ta tsufa, ba ta ƙetare labule. Ina cikin cewa ana nan ana yi sai na ga labulen ya ɗaga, ga uwar miji ta shigo da ƙwaryar jiƙo a hannu, wai ta ji shiru.